Tsohuwar Jitar 'Yan Kwaya: A Wanke Ta, Ko A Shafa Mata Fenti?

Da wuya a sami majami'a a wannan dayosis namu wadda ba ta da ɗakin ajiya a bayan bagade, da wuya kuma a sami ɗakin ajiyar da babu wani tsohon abin kiɗa jingine a kusurwarsa. Sau da yawa abin nan jita ce, irin mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda samari suke kira bes. Wata kyauta ce daga hannun wani mai alheri, wata kuwa 'yan kwaya ne suka yi karo-karo suka sayo ta wurin mai kayan gwanjo. Ta yi aiki shekara da shekaru, sa'an nan aka sami sabuwa, aka jingine ta. Ƙura ta rufe ta, tsatsa ta kama ƙarafanta, fentinta ya ƙoƙe a wurin da hannun makaɗi yake gogawa.

Sa'ad da Ista ko bikin godiyar kaka ya gabato, sai a tuna da ita, gardama kuwa ta tashi. Waɗansu su ce a kai ta wurin mai fentin mota ya fesa mata ja ko baƙi, ta fito kamar yau aka ƙera ta. Waɗansu su ce a sayar, amma a fara yi mata fentin domin ta yi kuɗi. Dattawa kuwa su ce a goge ta kawai, a bar ta yadda take. Mai wucewa zai ɗauka maganar katako da waya ake yi. Ni dai a ganina tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ta shafi kowane mai bi, gama ita ce: idan muka sa tsohon abu ya yi kama da sabo, a wane mataki ne gyara yake komawa ruɗi?

Bari mu fara sanin abin da muke magana a kansa. Jitar bes mai aiki da lantarki ba ta daɗe a duniya ba. Wani maƙeri a Kalifoniya ta Amurka, Leo Fender, shi ne ya fitar da irin wadda ta bazu ko'ina a shekarar 1951, ko da yake waɗansu sun gwada kafinsa. Ya sa mata suna Precision, watau mai daidaito, saboda ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyanta suna sa yatsa ya sauka daidai inda muryar take. Yawancin waɗanda suke majami'unmu kwaikwayon wannan ne, ko na ƙanwarta, Jazz Bass, da ta fito a 1960. Shigowarta cikin sujada kuwa ya biyo bayan Majalisar Batikan ta Biyu. Takardar majalisar a kan sujada, wadda aka amince da ita ran 4 ga Disamba 1963, ta ɗaukaka molon bututu na gargajiyar Ikilisiyar Yamma, amma ta buɗe ƙofa ga sauran kayan kiɗa idan shugabannin Ikilisiya na yankin sun yarda, ta kuma ce a girmama kiɗan al'ummai a ƙasashen mishan. Ta wannan ƙofa ce ganga da tulu da kacau-kacau suka sami wurin zama a gaban bagade, jita kuma ta bi sawunsu.

Abin da ya fi yawa a jikin tsohuwar jita dauɗa ce, dauɗa kuwa ba ta da mai kare ta. Gumi ne da maiƙon hannu suka haɗu da ƙurar hunturu suka daskare. Wanda ya san aikin yakan fara da kwance tsirkiyoyin, sa'an nan ya kaɗe ƙurar da busasshen ƙyallen auduga mai laushi kafin ya sa wani abu mai danshi, domin ƙurar ƙasarmu yashi ce, idan aka murza ta a kan fenti sai ta karce shi. Daga nan sai ƙyalle mai ɗan laima wanda aka matse sosai. A tsakanin ƙarafan wuya, inda dauɗar take taruwa kamar ƙanzo, tsohon burushin haƙori ya isa. Idan katakon fuskar wuyan baƙi ne marar fenti, akan ɗiga masa mai kaɗan irin wanda aka yi domin wannan aiki, a bar shi ya sha, a goge ragowar. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, gama suna tsami su yi wari. Ƙarafan kuma akan goge su da soson ƙarfe mafi laushi, amma sai an fara liƙe bakin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, in ba haka ba garin ƙarfen ya manne masa ya ɓata shi. Babban haɗari shi ne garaje. Tsofaffin jitoci da yawa, musamman na kafin ƙarshen shekarun 1960, an shafe su da wani irin fenti sirara wanda ruwan narkar da fenti ko barasar goge-goge yake cinyewa nan take. Mai niyyar kirki ya ɗauko kwalba ɗaya daga shagon mai fenti, cikin minti ɗaya ya shafe abin da ya yi shekara hamsin yana zaune lafiya. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Ba kowa ne ma ya yarda a wanke ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Ditiroyit, ya rasu a 1983, an san shi da ƙin goge wuyan jitarsa da ƙin sauya tsirkiya sai in ta tsinke, yana ganin daɗin muryar a cikin tsufan nan yake. Ina girmama gwanintarsa, amma ba zan ba 'yan kwayarmu wannan shawara ba. Gumi yana da gishiri, gishiri kuwa yana cin ƙarfe, balle a daminarmu. Akwai kuma irin wannan tunani a rayuwar ruhu, wanda na sha ji a bakin mutane: haka nake, fushina ne ƙarfina, in na bar shi ban zama ni ba. Mutum yakan saba da dauɗarsa har ya sa mata suna hali.

To, an wanke, an goge, ta yi ƙyalli gwargwadon shekarunta. Yanzu ne maganar take somawa, domin wanka yakan tona abin da dauɗa ta rufe. Sai a ga tsaga a gindin wuya, ko a ga wuyan kansa ya lanƙwashe. Tsirkiya huɗun nan suna jan wuyan jita da nauyin wajen kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Abin da yake hana shi tanƙwarewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikin katakon, ba mai ganinta sai kanta kaɗai. Idan ta saki, wuyan ya yi baka, tsirkiyoyin su yi nisa da katako, yatsun makaɗi su yi ciwo, muryar kuma ta riƙa kauce wa ta mawaƙa. Gyaranta sai a hankali: a juya kan sandar kwata ɗin zagaye, a dakata katakon ya zauna, gobe a sake dubawa. Wanda ya matsa mata da ƙarfi yakan karya ta, in kuwa ta karye a ciki, kuɗin gyaran na iya fin kuɗin jitar. Hunturu ma yana da nasa aikin, yana busar da katako ya tsuke, bakunan ƙarafan su fito suna yankar hannu.

Mai fentin mota ba zai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zai cike tsagar da ƙwaɓi, ya goge da sanfefa, ya fesa launi, ya miƙo abu mai ɗaukar ido wanda wuyansa yake nan a karkace. Ubangijinmu ya yi wa malaman Attaura da Farisiyawa faɗa a kan wannan tsari na aiki, inda ya kwatanta su da masu wanke bayan ƙoƙo su bar cikinsa, da kuma kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa (Matiyu 23:25-28). A lura fa, bai hana wanke bayan ƙoƙo ba. Abin da ya umarta shi ne a fara da cikin.

Ga masu cewa a yi fenti a sayar, Ikilisiya ta daɗe da amsa. Waliyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya keɓe wa maganar ciniki tambaya guda a babban littafinsa na tauhidi, a ciki kuwa ya bincika ko wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa. Ya raba aibi gida biyu. Idan aibin a fili yake, kamar doki mai ido ɗaya, ba dole ne mai shi ya yi shela ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. Idan kuwa a ɓoye yake, kuma zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, ko gida mai shirin rushewa, to yin shiru zamba ne, wanda ya yi kuwa sai ya biya. Yanzu a dubi aikin da fentin yake yi a nan. Tsagar da take a fili, wadda kowane mai saye zai gani ya yi tayi a kanta, fenti ya mai da ita ɓoyayya. Ba a furta ƙarya da baki ba, amma an biya wani kuɗi domin ya hana gaskiya fitowa. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya lissafta zamba cikin ciniki da aikin ha'inci a ƙarƙashin doka ta bakwai, watau tare da sata. Kuɗin da aka samu ta wannan hanya ba ya tsarkaka don an zuba shi a asusun kwaya. Wanda zai saya kuwa, sau da yawa wani saurayi ne daga ƙaramar majami'ar ƙauye, da kuɗin da mata suka tara daga sayar da hatsi.

Wannan magana ba ta tsaya a jita ba, kowa ya sani. Mota ce da ta yi haɗari aka buga aka fesa, aka ce daga jirgi aka sauke ta. Buhun masara ne mai kyau a baki, ruɓaɓɓe a gindi. Gidan haya ne da aka shafa wa farar ƙasa a watan Maris, a bar ɗan haya ya gano yoyon a watan Agusta. Ba sai na tsawaita ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruɗin yana da fuska ta biyu. Masu tara tsofaffin jitoci a Turai da Amurka sun fi daraja wadda fentinta na asali ya ƙoƙe a kan wadda aka sake wa fenti, har sabon fenti yakan karya kuɗin tsohuwar jita ƙwarai. Da kamfanin Fender ya ga haka, sai a 1995 ya fara sayar da sababbin jitoci waɗanda aka karce da gangan, aka dusashe ƙarafansu, aka goge fentinsu a wurin da hannu zai goge, domin su yi kama da waɗanda suka sha aiki. Kamfanin ba ya ɓoye cewa sababbi ne, saboda haka ban kira shi zamba ba. Amma abin dubawa ne a ce mutum ya biya ƙarin kuɗi domin ya sayi alamar wahalar da bai sha ba. Mu ma muna da irinsu. Akwai mai ba da shaida a taron addu'a wanda kullum zunubansa na dā suke ƙara girma a bakinsa, domin tubansa ya ƙara armashi. Akwai mai ɓata fuska a lokacin Azumi domin a san yana azumi, abin da Bisharar da muke karantawa kowace Larabar Toka ta hana (Matiyu 6:16-18). Ashe ana ado da tsufa da tawali'u kamar yadda ake yi da sabunta.

Saura tabon gaskiya: wurin da babban yatsan makaɗi ya lotsa katako, gefen da fenti ya sāɓe saboda shekarun Lahadi bayan Lahadi. Wannan ba ya hana murya fita, ba ya cutar da mai saye, ba dauɗa ba ne balle a wanke. Me za a yi da shi?

Ikilisiya ta fuskanci wannan tambaya a kan abubuwan da suka fi jita daraja nesa ba kusa ba. Zanen da Mikelanjelo ya yi a rufin ɗakin sujada na Sistina a Batikan, tsakanin 1508 da 1512, ya yi ɗaruruwan shekaru yana shan hayaƙin kyandir, ga kuma gam da masu gyara na dā suka shafa a kai, har mutane suka ɗauka mai zanen duhun launi yake so. An fara wanke ɗakin a 1980, aka gama babban aikin a 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi Misa a ciki ran 8 ga Afrilu na shekarar. Launukan da suka fito sun ba duniya mamaki. Duk da haka waɗansu masana, cikinsu har da James Beck na Jami'ar Kolombiya, sun yi ta kuka cewa an haɗa da inuwar da mai zanen ya ƙara da hannunsa an wanke. Ana nan ana gardamar. Abin da ya burge ni shi ne masu aikin sun bar ƙananan wurare ba su wanke ba, domin na baya su ga yadda abin yake kafin a taɓa shi, su kuma iya yi wa aikin hukunci. Mai gyaran da ya bar wa masu sukarsa hujja a jikin bango, lalle mai gaskiya ne.

A Jasna Gora ta ƙasar Foland kuwa akwai hoton Uwargidanmu Maryamu wanda 'yan fashi suka sara a 1430. An gyara hoton, amma har yau sāra biyu suna nan a kumatunta na dama, dubban masu ziyara kuwa da wannan alama suke gane ta. Kakanninmu ma ba su rasa wannan hikima ba. Gyartai yakan ɗinke fasasshiyar ƙwarya ɗinkin yana a fili, uwargida ta ci gaba da aiki da ita ba kunya, gama abin da ta nema shi ne ƙwaryar ta riƙe abin da aka zuba mata. Mai goge yakan sauya fatar guza da izgar doki sau da yawa a rayuwarsa, bai taɓa cewa gogen ya zama wani dabam ba, bai kuma taɓa cewa sabo ne ba.

Mu Kirista muna da dalilin da ya fi waɗannan duka. Sa'ad da Yesu ya tashi daga matattu, jikinsa ya sami ɗaukakar da ƙofa a kulle ba ta tare ta, amma gurbin ƙusoshi da na māshi suna nan, da su ne kuma ya amsa shakkar Toma (Yahaya 20:24-29). Wanda yake da ikon ta da jiki daga kabari ba zai kāsa shafe tabo ba. Barinsa ya yi. Haka kuma Ikilisiya take koyarwa a kan sakramentin tuba: gafarar firist tana kawar da zunubi ɗungum, amma ba ta gyara dukan ɓarnar da zunubin ya bari. Shi ya sa ake ba mai tuba aikin tuba, ake ce wa ɓarawo ya mayar, mai ƙazafi ya wanke sunan da ya ɓata. Wannan shi ne juya sandar nan ta cikin wuya, kwata-kwata, da haƙuri. Mashayin da ya bar giya shekara goma ya san hanyar da ba zai bi da yamma ba, sanin nan kuwa tabo ne mai amfani, ya kuma fi kowa iya kama hannun wanda yake faɗuwa yanzu.

Amma a nan dole in ja linzami, domin wani zai ce: ashe ke nan wajibi ne kowa ya buɗe tabonsa ga jama'a, wanda ya rufe kuwa munafuki ne. Ba haka ba ne. Mutum ba kayan sayarwa ba ne, jama'ar majami'a kuma ba masu saye ba ne da za su ce sai sun duba ko'ina. Katekisim ɗin nan da ya hana zamba, shi ne kuma ya koyar cewa ba dole ne a bayyana gaskiya ga wanda ba shi da hakkin saninta. Tun Majalisar Lateran ta Huɗu a 1215 dokar Ikilisiya ta ɗaure bakin firist a kan abin da ya ji wurin furta zunubi, ba ya faɗa ko da za a kashe shi. Macen da ta yi kuskure a ƙuruciyarta ta tuba, ba ta bin Zumuntar Mata bashin labari, wanda kuwa ya tono shi domin a yi ta zunɗenta ya yi zunubin da ya fi nata. Ma'aunin Waliyi Toma ne yake aiki a nan ma: wa zai cutu idan an yi shiru? Saurayin da yake ɗauke da ciwon da zai iya sa wa matarsa, ko yake da mata da 'ya'ya a wani gari, in ya rufe wa wadda zai aura, ya shafa fenti a kan tsaga, dokar Ikilisiya ma ta ce auren da aka ƙulla da irin wannan yaudara ba aure ba ne. Wanda kuwa tabonsa ba ya cutar da kowa, yana da 'yancin ya bar shi tsakaninsa da Allah, ko ya nuna shi ranar da ya ga zai taimaki wani.

Saboda haka ban ce fenti haramun ne ba. Idan jikin jitar ya sāɓe har laima tana shiga katako, a yi mata fenti, kariya ce. Idan 'yan kwaya suna son ta yi kyau domin bikin keɓe sabuwar majami'a, ba laifi, ɗakin Allah ya cancanci abu mai kyau, matar da ta zuba wa Yesu turare mai tsada ma bai tsauta mata ba. Sharaɗin dai shi ne a fara da wuyan da wayoyin ciki, a kira wanda ya san aikin ko da zai ɗauki mako uku, in kuɗi ya ragu sa'an nan a yi maganar launi. Ai bes ma ba don kallo aka yi ta ba. Makaɗinta yakan tsaya can baya kusa da lasifika, yawancin masu sujada ba za su iya faɗin launinta ba, amma ranar da ta yi shiru kowa yakan ji waƙar ta rasa gindi.

Akwai wata al'ada ta masu gyaran kayan tarihi da nake so kwamitocin majami'unmu su ɗauka: duk abin da suka yi wa abu, sukan rubuta. A sami 'yar takarda, a rubuta shekarar da jitar ta shigo majami'a in ana tunawa, da abin da aka sauya a jikinta, da inda tsagar take, da ko an sake fenti, da sunan wanda ya yi aikin. Shugaban kwaya ya sa hannu, katekis ya sa nasa, a naɗe ta a leda saboda damina, a ajiye a aljihun jakar jitar. In an sayar, takardar ta bi ta.